Ƙaiƙayin da Piriton Ba Ya Kashewa: Nazarin Cutar Prurigo Nodularis

Cutar da likitocin fata suke kira prurigo nodularis tana bayyana ne da ƙuraje masu tauri, daga 'yan milimita zuwa santimita 2 ko 3, kuma yawancinsu an ƙwaƙule musu kai da farce. Suna fitowa a bayan hannuwa, ƙwauri, kafaɗu, ciki da ƙugu, dama da hagu kusan daidai wa daida. A fata mai duhu ba a ganin ja; ƙurjin yakan fi sauran jiki baƙi ko ya yi launin toka, inda ya warke kuma ya bar tabo baƙi ko fari-fari. Idan aka juya majinyaci aka duba tsakiyar gadon bayansa, wurin da hannu ba ya kaiwa, sau da yawa za a tarar da fatar lafiya lau. Wannan fili da ya tsira shi ne hujja ta farko: ƙaiƙayi ne ya riga zuwa, farce kuma ya gina ƙurajen.

Likitan fata James Nevins Hyde na Shikago ne ya raɗa mata wannan suna a 1909. An fi ganinta ga masu shekaru 50 zuwa sama, mata sun ɗan fi maza, kuma wani nazari da aka yi a asibitin Johns Hopkins a 2018 ya nuna baƙaƙen Amurka sun ninka fararensu sau 3.4 wajen kamuwa da ita. Kafin majinyaci ya isa ga likitan fata, galibi ya shafe watanni ko shekaru yana fama. Ya sha Piriton har ya gaji, ya koma loratadine ko cetirizine, ya shafa man nan mai haɗi uku da ake saye a kemis, an yi masa maganin ƙazwa sau biyu ko uku. Barcinsa ya lalace, kuma mutanen gida sun riga sun yanke hukunci cewa da zai daina susa da ya warke. A ƙa'idar likitanci, ƙaiƙayin da ya wuce mako 6 ya zama mai daɗewa, kuma irin wannan ba ya bin hanyar da ƙaiƙayin cizon sauro yake bi. Dalilin gazawar magungunan da ya sha ke nan.

Hanyoyi biyu daga fata zuwa ƙwaƙwalwa

Saƙon ƙaiƙayi yana tashi ne daga wasu siraran jijiyoyin ji da ake kira nau'in C, waɗanda ba su da rigar kitsen da ke sa saƙo gudu. Bakin jijiyar yana cikin saman fata, jikinta kuma yana cikin wani ɗan ƙulli a gefen lakar gadon baya. A 1997 Martin Schmelz da abokan aikinsa suka gano rukunin waɗannan jijiyoyi da ke amsa wa histamin a jikin mutum, saƙonsu yana tafiya kusan rabin mita a daƙiƙa. Histamin shi ne sinadarin da ƙwayoyin mast, wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke zaune a cikin fata, suke fesowa idan sauro ya ciji mutum ko borin jini ya tashi. Piriton da 'yan uwansa suna toshe makarɓin histamin ne kawai, wato wurin da histamin yake maƙalewa a jikin ƙwaya ya isar da saƙonsa, shi ya sa suke aiki sosai a borin jini.

Akwai hanya ta biyu wadda babu ruwanta da histamin, kuma mutanen ƙasar nan sun san ta a jikinsu tun kafin a bayyana ta a ɗakin bincike. Ƙarara idan ta taɓa fata, gashin jikin kwafsonta yana shigar da wani sinadari mai yanka furotin, mukunain, wanda ke kunna makarɓan PAR2 da PAR4. Duk Piriton ɗin da mutum zai sha ba zai kashe wannan ƙaiƙayi ba. Haka ma ƙaiƙayin kulorokwin da ya addabi mutane da yawa a zamanin da ake maganin zazzaɓin cizon sauro da shi: a 2009 ɗakin binciken Xinzhong Dong a Johns Hopkins ya nuna kulorokwin yana kunna wani makarɓi a jikin jijiyar kanta, MrgprA3 a ɓera, MRGPRX1 a mutum. Ƙaiƙayin cututtukan fata masu kumburi ta wannan hanya ta biyu yake bi, mafi yawansa.

A cikin laka, saƙon yana ratsa wasu ƙwayoyi masu ɗauke da makarɓin GRPR, waɗanda Zhou-Feng Chen ya bayyana a 2007 a Jami'ar Washington da ke St. Louis. Daga nan yake hawa zuwa ƙwaƙwalwa. A lakar akwai kuma ƙwayoyin da aikinsu danne saƙon ne, kuma zafi yana tayar da su. Da wannan ne susa take kawo sauƙi na ɗan lokaci: ƙaramin zafin farce yana rufe hanyar ƙaiƙayi na wasu daƙiƙoƙi.

Abin da garkuwar jiki take faɗa wa jijiya

An daɗe ana ɗaukar cewa ƙwayoyin garkuwar jiki suna kumbura fata ne, kumburin kuma ya jawo ƙaiƙayi a kaikaice. Binciken shekaru ashirin da suka wuce ya nuna abin ya fi haka kusa. Jijiyar ji tana ɗauke da makarɓan saƙonnin garkuwar jiki a jikinta, tana jin su kai tsaye.

Saƙo na farko shi ne intalukin-31, a taƙaice IL-31, wanda aka bayyana a 2004. Ɓerayen da aka sa jikinsu ya riƙa samar da shi da yawa sun yi ta susa har gashinsu ya zube, fatarsu ta yi gyambo. Ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira T, nau'in Th2, su ne suka fi samar da shi. Makarɓinsa yanki biyu ne, IL-31RA da OSMR-beta, kuma ana samunsa a kan jijiyoyin ji, da ƙwayoyin saman fata, da ƙwayoyin da ke saƙa kolajin, zaren furotin da ke ba fata ƙarfi, a ƙarƙashinta. A 2006 da aka auna IL-31 a fatar masu cututtuka daban-daban, a prurigo nodularis aka sami mafi yawa. Idan ya sauka a kan jijiya, yana buɗe wasu ƙofofi a jikinta masu suna TRPV1 da TRPA1, jijiyar ta harba saƙo. Bai tsaya nan ba: a gwaji an ga yana sa jijiyoyin ji su ƙara tsawo su yi rassa. Kasancewar makarɓin a kan ƙwayoyin kolajin kuma yana da hannu a taurin da ƙurjin yake yi.

Na biyu su ne IL-4 da IL-13, kuma aikinsu ya bambanta ta hanya mai muhimmanci. A 2017 ɗakin binciken Brian Kim a St. Louis ya nuna IL-4 ba ya sa ɓera susa sosai shi kaɗai, sai dai yana saukar da matakin da jijiyar ke buƙata kafin ta harba. Ɗan histamin ko ɗan IL-31 da a da bai isa a ji shi ba, yanzu ya isa. Jijiyar ta zama kamar busasshiyar ciyawa a tsakiyar hunturu, tartsatsi kaɗan ya ishe ta. Wannan ne ke bayyana ƙorafin da majinyata suke yawan yi, wanda ba kasafai ake ba shi muhimmanci ba, cewa gogar riga, zufa, ko iskar fanka suna tayar musu da ƙaiƙayi. Ba raki ba ne. A cikin jijiyar, saƙon IL-4, IL-13 da IL-31 duk yana bi ta wani furotin mai suna JAK1, kuma da aka cire JAK1 daga jijiyoyin ji na ɓeraye kaɗai, susarsu ta ragu ƙwarai duk da kumburin fatar yana nan.

Fatar ma tana da bakin magana. Ƙwayoyin samanta idan suka ji rauni suna sakin wani sinadarin saƙo mai suna TSLP, wanda ɗakin binciken Diana Bautista a Berkeley ya nuna a 2013 yana kunna jijiyar ƙaiƙayi kai tsaye. A 2023 kuma ƙungiyar Isaac Chiu a Harvard ta nuna ƙwayar cutar Staphylococcus aureus, wadda ke son zama a fatar da aka ƙwaƙule, tana fitar da wani sinadari, V8, da ke kunna PAR1 a kan jijiya ya haddasa ƙaiƙayi.

Jijiya tana mayar da martani

Maganar ba ta ɓangare ɗaya ba ce. Jijiyar da aka tayar tana sakin nata sinadaran a cikin fata, musamman sinadarin P da CGRP. Sinadarin P yana fasa ƙwayoyin mast, CGRP yana buɗe hanyoyin jini, ƙwayoyin garkuwa su ƙara taruwa. Wani bincike daga Jami'ar Pittsburgh da aka buga a 2025 ya nuna a jikin ɓeraye cewa susa ita kanta tana kunna jijiyoyin zafi su saki sinadarin P, kumburi ya ƙaru. Ɓerayen da aka hana su susa kumburinsu bai kai na sauran ba.

Idan aka jera abubuwan, zagayen ya fito fili. IL-31 ya kunna jijiya, mutum ya sosa. Susa ta fasa saman fata, TSLP ya fito, ƙwayoyin Th2 suka ƙaru, IL-4 da IL-13 suka ƙara wa jijiyar saurin ji, ƙwayoyin cuta suka sami mashiga. Fatar da ake ta gurza a wuri ɗaya tana kauri, kolajin yana taruwa, ƙurji ya tsaya. Idan aka yanki ƙurjin aka duba a madubin likita, jijiyoyin da ke can ƙasa sun yi kauri sun yawaita, na saman fata kuwa sun ragu, kuma an ga suna dawowa bayan ƙurjin ya warke. Da daddare abin ya fi tsanani saboda sinadarin kotisol mai danne kumburi yana sauka, fata tana ɗumi tana kuma zubar da danshi, ga shi babu abin da ke ɗauke hankali. Mai barci yana susa bai sani ba. Saboda haka umarnin "ka daina susa" ba magani ba ne, kuma maimaita shi ga wanda ya kwana yana zubar da jini a zanin gado rashin adalci ne.

Inda magani ya tabbatar da bayanin

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga gwajin magunguna a jikin mutane. Nemolizumab allura ce da ke toshe IL-31RA. A gwajin mataki na biyu da aka buga a 2020, mai majinyata 70, ƙaiƙayi ya ragu da kashi 53 cikin ɗari a mako na 4, alhali ga waɗanda aka yi wa allurar da babu magani a cikinta kashi 20 ne. A babban gwajin OLYMPIA 2 na 2023, mai mutum 274, kashi 56.3 sun sami raguwar maki 4 ko fiye a ma'aunin ƙaiƙayi na 0 zuwa 10 a mako na 16, ga waɗanda aka yi wa allurar da babu magani kuwa kashi 20.9. Waɗanda fatarsu ta warke ko ta kusa warkewa a wannan lokaci kashi 37.7 ne, a kan kashi 11 na waɗanda ba su sami maganin ba. Abin lura a nan shi ne tsarin: ƙaiƙayi yana sauka cikin kwanaki, ƙurajen suna biyo baya cikin watanni. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi don wannan cuta a watan Agusta 2024. Ana farawa da miligiram 60, sannan miligiram 30 duk mako 4 ga wanda nauyinsa bai kai kilo 90 ba, miligiram 60 ga wanda ya kai. Wasu masu karɓarsa sukan sami ciwon kai ko ƙurajen ezima, wato cutar bushewa da kumburin fata mai ƙaiƙayi.

Dupilumab kuwa yana toshe makarɓin da IL-4 da IL-13 suke tarayya a kai. Shi ne na farko da FDA ta amince da shi don prurigo nodularis, a watan Satumba 2022. A gwajin PRIME, kashi 60 sun sami raguwar maki 4 a mako na 24, a kan kashi 18.4 na waɗanda ba su sami maganin ba. Ana yin miligiram 600 a ranar farko, sannan 300 duk mako 2. Jan ido da ƙaiƙayinsa suna cikin illolin da aka sani. Kuma da yake IL-4 da IL-13 su ne makaman jiki a kan tsutsotsin ciki, ana so a yi maganin tsutsa ga mai ita kafin a fara, abin da ya fi shafar ƙasashenmu fiye da inda aka yi gwajin.

Ba kowane zato ne ya tabbata ba. Da yake sinadarin P yana cikin zagayen, an sa rai a kan serlopitant, ƙwayar da ke toshe makarɓinsa na NK1. Ta yi kyau a ƙaramin gwaji, amma a manyan gwaje-gwaje biyu na 2020 ta kasa. Wani bayani mai yiwuwa shi ne sinadarin P yana fasa ƙwayoyin mast ta wani makarɓi dabam, MRGPRX2, wanda maganin bai taɓa ba. Ko a magungunan da suka yi nasara, kusan mutum 4 cikin 10 ba su kai ga raguwar da ake nema ba, alamar cewa ba duk majinyata ne hanya ɗaya ke jan cutarsu ba.

Abin da ake yi a gaban majinyaci

Waɗannan allurai suna da tsada ƙwarai, kuma yawancin majinyata a Najeriya da Nijar ba za su same su ba. Amma fahimtar zagayen tana canza yadda ake amfani da abin da ke hannu.

Matakin farko shi ne neman abin da ya kunna ƙaiƙayin tun asali, domin prurigo nodularis sau da yawa tana hawa ne a kan wata cuta. Ana tambayar tarihin ezima ko asma, da duk magungunan da mutum ke sha. Ana duba tsakanin yatsu, wuyan hannu da al'aura don ƙazwa, a kuma tambaya ko wani a gida yana susa. Gwajin jini ya haɗa da ƙidayar ƙwayoyin jini, aikin ƙoda, aikin hanta, suga, sinadarin ƙarfe, aikin tayirod, ciwon hanta nau'in B da C, da HIV. Ba a tsallake gwajin HIV, domin ƙuraje masu ƙaiƙayi kan zama alamarsa ta farko. Wanda ya zauna kusa da rafi mai gudu inda cutar makantar kogi take, a bincike ta. Tsoho mai ƙurajen da suka ƙi jin magani, ko wanda ya taɓa yin bororo, yana buƙatar a yanki fata a gwada, saboda cutar femfigoyid, wadda garkuwar jiki ke afka wa fata ta yi bororo, tana iya zuwa da wannan kama. Rama, zazzaɓin dare ko kumburin kaluluwa kuma suna sa a nemi sankarar jini.

Sai a auna. A tambayi majinyaci: daga 0 zuwa 10, nawa ne mafi tsananin ƙaiƙayin da ka ji a sa'o'i 24 da suka wuce? Bakwai zuwa sama mai tsanani ne, kuma raguwar maki 4 ita ce ake ɗauka nasara. A ƙirga ƙurajen: ƙasa da 20 cuta ce mai sauƙi, 20 zuwa 100 matsakaiciya, fiye da 100 mai tsanani. A rubuta sau nawa yake farkawa da dare. Wanda bai auna ba zai kalli fatar bayan wata guda ya ga ƙuraje suna nan ya ce magani bai yi ba, ya canza shi, alhali ƙaiƙayin ya sauka daga 9 zuwa 5.

A gyara shingen fata. Wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, na minti 5 zuwa 10, ba soso, ba sabulu mai magani, ba ruwan kashe ƙwayoyin cuta a bokiti. Ruwan zafi yana da daɗi a lokacin, amma yana kunna TRPV1 ya kuma wanke maiƙon fata, ƙaiƙayin ya dawo da ƙarfi. Da fitowa, jiki da sauran danshi, a shafa Vaseline ko man kaɗanya mara turare. Babban mutum mai cutar a jiki duka yana buƙatar giram 250 zuwa 500 a mako, kuma mafi yawan mutane ba sa shafa ko rabin haka. Man da ke da mantol kashi 1 cikin ɗari yana kawo sanyin da ke danne ƙaiƙayi na ɗan lokaci. A yanke farata ƙasa-ƙasa.

A kan ƙurajen kansu ana shafa sitiroyid, wato maganin danne kumburi, mai ƙarfi irin su clobetasol kashi 0.05 cikin ɗari, na mako 2 zuwa 4, a kan ƙurjin kaɗai, a rufe shi da filasta da dare. Rufewar tana da amfani biyu: tana shigar da maganin cikin fata mai kauri, tana kuma raba farce da ƙurji. Tsawon gaɓar ƙarshe ta yatsa na man daga bututu kusan rabin giram ne, yana isar faɗin tafin hannu biyu. Ba a kai shi fuska, hammata ko matsematsi. Kuskuren da aka fi gani shi ne shafa shi a jiki duka na watanni, abin da ke jawo siraran fata, nankarwa da dishewar launi. Bayan makonnin farko ana iya komawa man tacrolimus kashi 0.1 cikin ɗari, wanda ba ya sirantar da fata, sai dai a gargaɗi majinyaci cewa zai ji zafi-zafi a kwanakin farko don kada ya jefar da shi. Ƙuraje kaɗan masu taurin kai ana yi musu allurar triamcinolone miligiram 10 a mililita a cikin ƙurjin, duk mako 4; idan allurar ta yi yawa ko ta zarce ƙasa, wurin yakan lotsa ya yi fari, kuma a fata mai duhu wannan tabo yana daɗewa.

Idan cutar ta bazu, haska fata da hasken UVB na na'ura mai tsawon zango nanomita 311, sau 2 ko 3 a mako, yana taimakawa inda na'urar take. Ta ɓangaren jijiya ana ba da gabapentin, a fara da miligiram 100 zuwa 300 da dare a riƙa ƙarawa a hankali. Ga mai ciwon ƙoda dole a rage, in ba haka ba yana taruwa ya jawo jiri, magagi da faɗuwa. Ta ɓangaren garkuwa ana amfani da methotrexate miligiram 7.5 zuwa 20 sau ɗaya a mako, tare da folik asid da bibiyar jini da hanta. Sau ɗaya a mako: a rubuta ranar a jikin kwalin, domin shan sa kullum bisa kuskure yana kashe ɓargo, kuma ya kashe mutane. Ba a ba mai ciki. Hujjar waɗannan tsofaffin magunguna ta fito ne daga ƙananan nazarce-nazarce, ba ta kai ta allurai biyun can ƙarfi ba, amma haɗa mai danne garkuwa da mai kwantar da jijiya ya dace da abin da aka sani game da cutar.

Ƙwayoyin dexamethasone ko prednisolone da allurar sitiroyid ta ɗuwawu suna kashe ƙaiƙayin nan take, shi ya sa ake yawan komawa gare su. Da an daina sai ya dawo fiye da da, mutum ya sake sha, har hawan jini, suga da kumburin fuska su biyo baya. Piriton kuwa abin da yake bayarwa a nan barci ne kawai, kuma ga tsofaffi yana kawo ruɗewa da riƙewar fitsari. Magungunan da ke toshe JAK1, irin su upadacitinib da abrocitinib, waɗanda FDA ta amince da su don ezima a Janairu 2022, suna saukar da ƙaiƙayi da sauri, amma suna danne garkuwa sosai. Ba a fara su sai an yi gwajin tarin TB da ciwon hanta nau'in B.

A sanar da majinyaci jadawalin tun ranar farko: ƙaiƙayi da barci ne za su fara gyaruwa cikin makonni, ƙuraje su lafa cikin wata 3 zuwa 6 ko fiye, baƙin tabo kuwa yana iya kai shekara kafin ya dishe. A dawo asibiti bayan mako 4 a sake auna maki. Idan sun sauka, a ci gaba da maganin ko da ƙurajen suna nan, kuma ba a janye shi gaba ɗaya sai sun kwanta, domin ƙurjin da ya rage da taurinsa yana iya sake tayar da zagayen.